Wunin biki a filin tsohuwar lakwal a Tawa: yaya zan ɗauki hoton?

Sani_Bilbis:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hoto, manya da ƙanana.

Abokina na fada zai yi aure a hutun ƙarshen Disamba nan Tawa, kuma ni ya ɗora wa nauyin hoton. Za a ɗaura aure ranar Asabar da safe a ƙofar gidan su amarya, a raba goro da dabino yadda aka saba. Wunin da zai biyo baya ne ya zo da sabon salo. Shi da amaryar lakwal ɗaya suka yi, wato makaranta ɗaya, tsohuwar lakwal ce tun ta zamanin Turawa. Mahaifinsa ma a nan ya yi karatu, mahaifiyar amarya kuma ta koyar a cikinta har ta ajiye aiki. Sai suka ce su ba su son zauren haya, ba su son kujerun nan masu ruwan zinariya da ake ɗora ango da amarya a kai jama'a na kallonsu. A filin lakwal ɗin za a shimfiɗa tabarmi, a kafa rumfa biyu, a ɗora shayi, a ci dambu da gasasshen rago, tun daga hantsi har magariba. Babu mai riƙe da makirfo yana kiran suna, babu jerin abin da za a yi ƙarfe kaza.

Wurin yana da kyau ƙwarai. Azuzuwan na dutse ne, jeri biyu, da tagogin ƙarfe da doguwar baranda. Akwai manyan itatuwan bedi a tsakar fili, a jikin ɗaya an rataye ƙarfen ƙafar mota wanda ake bugawa in lokacin shiga aji ya yi. Sandar tuta na tsakiya, an kewaye ta da duwatsu masu farar ƙasa.

Kayan aikina: kyamara Canon 700D, gilashin milimita 18-55 da ya zo da ita, wani gilashi mai milimita 50 f/1.8, filasha ɗaya, batir biyu. Aikin da na saba shi ne hoton takardu a shago, da suna, da ɗaurin aure, inda mutane ke tsayawa a jere in ɗauka. Angon kuwa cewa ya yi: "Kada ka jera mu, ka ɗauke mu yadda muke."

To manya, ta ina zan kama? Rana za ta yi ƙarfi, maza duk farar shadda za su sa. Yaya zan yi in shiga cikin mutane ba tare da kowa ya miƙe ya gyara hula ya daskare ba? Kuma dattawa, su ma in bar su ba hoton tsayuwa?

Baba_Idi_Mai_Hoto (Yamai):

Wa alaikumus salam ɗana Sani. Allah ya sa albarka a wanga arme, ya ba su zaman lafiya. Ni ma ɗan Adar ne, a Tawa anka haife ni, sana'a ta kawo ni Yamai tun lokacin da muke ɗauka da fim muna wankewa cikin ɗaki mai duhu. Irin wannan lakwal na san ta, ko ba ita ba ce na san 'yar uwarta.

Aikinka ba ranar biki zai fara ba. Ka tafi filin tun kafin nan, ka je da hantsi, ka koma da azahar, ka koma bayan la'asar, ka tsaya ka ga inda inuwa ke faɗuwa. A ƙarshen Disamba rana a Tawa tana fitowa wajen ƙarfe 7, ta faɗi wajen 6 da kwata na yamma. Kuma ba ta hawa tsakiyar kai kamar a Afrilu da Mayu, tana karkata kudu, ko da tsakar rana tsayinta bai wuce digiri 50 da 'yan kai ba. Amfanin wannan gare ka shi ne, in ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, gefensa na arewa shina cikin inuwa wuni zubur. Wannan inuwar ita ce shagonka na ranar. Ka tsayar da mutum a bakinta fuskarsa na duban fili, yashin da rana ke duka zai maido haske sama, ya shiga ƙarƙashin hula, ya cika kwarmin ido. Ba ka bukatar filasha a nan ko kaɗan.

Inuwar bedi kuwa, ka yi hattara da ita. Kowa can zai gudu don ta fi sanyi, kai ma idonka zai ce maka ta yi kyau. Amma ganyen bedi ƙanana ne, rana na ratsa su, sai ta zubo ɗigo-ɗigo. Ido ba ya damuwa da wannan, kyamara kuwa ba ta yafewa: za ka ga goshi ya ƙone fari fat, kumatu sun yi duhu, hanci rabi da rabi. Kuma babu gyaran da zai fid da kai a kwamfuta. Abu biyu za ka yi. Ko dai ka nemi inda inuwar ta yi kauri, kusa da gindin itacen, ko ka zagaya har ranar ta koma bayan mutanen, fuskokinsu duka su shiga inuwa ɗaya, ɗigon hasken ya tsaya a kafaɗa da baya. Kai ne za ka zagaya, ba su za ka tayar ba. Ka riƙe wannan, don a kansa duk aikin ranar ya tsaya.

Rumfa: ka je wurin mai ba da haya tun yanzu ka roƙi farar tamfol. Shuɗiya ko ja ko kore tana zuba launinta a fata, kuma da farar shadda a wurin abin shina ƙara fitowa fili.

Maganar shadda. Sabuwar shadda da ta sha bugu tana ƙyalli, fuskokinmu kuma baƙaƙe, tazarar hasken da ke tsakaninsu ta fi ƙarfin JPEG, wato hoton da kyamara ta riga ta matse. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da ke karɓar gyara a kwamfuta. Ka auna haske a kan rigar, ba a kan fuska ba, ka ƙara hasken da mataki ɗaya ko biyu bisa abin da kyamara ta ba ka don kada farin ya koma toka, ka riƙa duba hoton a bayan kyamara inda wurin da ya ƙone ke ƙyaftawa. Fuskar da ta ɗan yi duhu ana ɗago ta daga baya. Aikin wuyan riga da ya ƙone ba ya dawowa, kuma mai rigar ya biya kuɗin ɗinkin nan don a gan shi. A tsakar rana fili, ISO 100 (ƙarfin jin haske na kyamara), f/8 (buɗewar gilashi, ƙaramar lamba babbar buɗewa), sauri 1/400 na daƙiƙa zai kai ka kusa. A inuwa ISO 200 ko 400, f/2.8, kada saurin ya sauka ƙasa da 1/250 tunda mutane na motsi suna dariya. Kada ka buɗe har 1.8 in mutum ya fi ɗaya, ɗayan zai fita garau, ɗayan ya dushe.

Mai 50 ɗin nan a kan 700D tana aiki kamar mai milimita 80 a kan babbar kyamara, tana ba ka damar tsayawa taku biyar ko shida ka ɗauki fuska ba ka shiga hancin mutum ba. Ita zan bari a kai yawancin wunin. Lokacin hunturu ne, ƙura na yawo ko ba ka gan ta ba, saboda haka kada ka cire gilashi a fili. In dole ne ka shiga aji ka rufe ƙofa, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka sauya da sauri.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan lambobi. Ka tambayi yadda za ka yi mutane su bar daskarewa. Ba a hana su. Da sun gan ka za su miƙe su gyara hula, to ka ɗauke su hakan, ka nuna musu, ka yaba. Haƙƙinsu ne, kuma in ba ka ba su wannan ba za su yi ta bin ka da ido har yamma. In sunka samu nasu, hankalinsu ya kwanta, sai su koma hirarsu. Daga nan kai ma ka zauna. Ka cire takalmi ka hau tabarma, a ba ka shayin farko ka sha, kyamara na kan cinyarka. Mai hoto da ke tsaye bisa kan mutane baƙo ne, wanda ke zaune ɗan biki ne. Kuma daga zaune hoton ya fi kyau: kana daidai da idanunsu, butar shayi da gawayi na gaba, barandar lakwal na baya.

Tunda babu jerin shiri, kai za ka yi naka a ka. Ka zauna da ango kafin ranar ya faɗa maka wane ne wane. Su wa sunka yi aji ɗaya, wa zai zo daga Abidjan ko Legas wanda anka daɗe ba a gani ba, wace gwaggo ce ta raine shi. Ka san Adar, rabin samarinmu suna bida a waje, biki ne ke haɗa su. In wani ya shigo ƙofar lakwal, kada ka ɗauki mai shigowa kaɗai, ka juya ka ɗauki fuskar wanda ya hango shi. Kuma ka ce mahaifiyar amarya ta koyar a nan. To inda ta zauna kada ka yi nisa da wurin. Manyan mutane masu furfura da ta koya wa karatu za su zo su durƙusa su gaishe ta a filin da ta taɓa jera su, kuma wannan ba za a sake shi don kai ba. Mahaifin ango ko ba a ce masa ba zai tashi ya nemi ajinsa, ya leƙa ta taga, ya nuna wa jikoki inda yake zama. Ka bi shi a hankali ta baya. Wani cikin abokai sai ya ɗauki dutse ya buga ƙarfen nan da ke rataye, ka ga yadda kowa zai waiwayo.

A irin waɗannan ka ja baya ka bar ginin ya shigo hoton, da dutsensa da tagoginsa da tsatsarsa. Sun zaɓi wurin don shina da ma'ana gare su, in ka cika hoton da fuskoki kaɗai bayansu ya narke, kamar a kowane fili anka yi bikin. Amma kada ka yi ta ɗaukar bango babu mutum. Guda uku ko huɗu da safe kafin jama'a su zo sun isa.

Wannan salon ba baƙo ba ne a ƙasarmu, kada wani ya ce maka na Turawa ne. Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, haka ya yi ta yawo da kyamararsa cikin Yamai a shekarun 1960 da 1970, yana shiga wuraren rawa da shagali yana ɗaukar samari da 'yan mata cikin nishaɗinsu. Ka nemi hotunansa a intanet ka duba yadda mutanen ciki sunka saki jiki da shi.

Dattawa kuwa, a'a, ba ka barin su ba hoton tsayuwa, ko mi ango ya ce. Shi yaro ne, shina magana don kansa da abokansa. Iyaye hoton da sunka sani shi ne wanda kowa ya tsaya anka gan shi sosai, kuma shi ne za a rataye a ɗaki. Ka yi shi sau ɗaya, bayan sallar la'asar, wajen 4 da rabi zuwa 5, cikin minti ashirin. Ka samu wani ɗan gidan mai baki wanda ya san kowa ya riƙa kira, kai ba ka kiran dattijo da hannu. Tsofaffi a kujera, matasa a tsaye a baya, yara a ƙasa. Ka sa f/5.6 ko f/8, ka ɗauka sau da yawa a jere don wani zai rufe ido. Daga nan ka sallame su.

Rabi_Yantala:

Baba Idi, Allah ya ƙara girma, mun ƙaru. Da izininka zan ƙara ta ɓangaren mata, don a can nake aiki, kuma can ne wannan salon na "ɗauke mu yadda muke" yake iya jawo rigima.

Sani ƙanena, ango ne ya ba ka izini, matan da za su zo ba su ba ka ba. Akwai matar auren da mijinta ba ya son a ɗauke ta, akwai wadda ita da kanta ba ta so, akwai wadda take so amma sai ta gyara mayafi. Namiji ya zauna cikin rumfar mata yana ɗauka ba a sani ba, wannan ba zai yi ba ko da niyyarka fara ce. Ka je tun kafin ranar wurin mahaifiyar amarya ko babbar ƙawarta, a sanar da mata cewa akwai mai hoto, wadda ba ta so ta faɗa, a nuna maka ita ka kiyaye. In ka shiga rumfarsu ka yi sallama da ƙarfi ka ɗan dakata. Kada ka ɗauki mace tana cin abinci, ko tana shayarwa, ko ɗankwalinta ya zame. In ta shigo hoton wata bisa kuskure a irin wannan hali, ka goge a wurin. Mafi sauƙi ka samu mace ta taimaka maka, ko da waya mai kyau ce a hannunta, ita za ta shiga inda kai ba ka shiga, kamar wurin shirya amarya.

Kada ka manta da masu girki. Tun da sassafe suna bakin tukwane a wani lungu na filin, hayaƙi na tashi, rana na ratsa shi. In sun yarda, hotunan nan suna cikin waɗanda iyali suka fi so, don yawanci gwaggwanni ne da maƙwabta da suka ɗauki nauyin bikin a kansu, kuma ba a cika tunawa da su ba. Lallen amarya ma ka ɗauke shi da wuri a inuwa, hannu a kan zanenta, kafin gaisawa da zufa.

Wuri biyu ne ra'ayina ya ɗan bambanta da na Baba. Na farko, mai 50 ta yi matsi a rumfar mata. Muna zama a cunkushe, ba ka da wurin ja da baya, in ka ja ka taka kwanon wata. Ni da 18-55 zan shiga, in tsaya tsakanin 24 da 35. Na biyu, kada ka dogara da hasken yamma a Disamba. Ranar da hazo ya sauko, tun wajen ƙarfe 5 rana ta zama farin faifai, sama ta yi toka. Hasken yana da taushi, fata na son sa, amma yana ƙarewa da wuri kuma launi yana mutuwa. Amarya kuma ka san ba ta fitowa a kan lokaci. Ka roƙi ƙawayenta su kawo ta kafin la'asar, ka samu minti goma da ita da ango su kaɗai a gefen ajin da suka yi. Kada ka ce su rungumi juna gaban iyaye, ba za su yi ba kuma ka sa su jin kunya. Ka ce su yi tafiya a hankali ya nuna mata inda yake zama, dariyar za ta zo da kanta. In an yi mata kwalliya mai nauyi kada ka haska ta da filasha kai tsaye, hodar za ta yi fari ta rabu da launin wuya.

Yaran unguwa za su cika filin, lakwal ɗinsu ce. Ka tara su sau ɗaya ka ɗauke su ka nuna musu, in ba haka ba suna cikin kowane hoto.

Kuma don Allah, ko ɗaya kada ka sa a Facebook ko TikTok don tallar aikinka sai ango da amarya sun gani sun yarda, na matan aure kuwa ka bar su gaba ɗaya.

Mushe_Hamidu:

Ni ba mai hoto ba ne, tsohon darakta ne, na bi zancen ne don na ga an ambaci lakwal. Na ji daɗin wannan shawara ta yaran, Allah ya yi musu albarka da suka tuna da inda aka koya musu karatu.

Malam Sani, ka faɗa wa ango izinin baki bai isa ba. A rubuta takarda zuwa ga darakta, shi zai san yadda zai sanar da ansipekta da kwamitin iyayen yara. Mai gadi kuma a gan shi tun da wuri a kyautata masa, shi ke riƙe da makullai, shi zai kwana da abin da kuka bari.

In an buɗe muku aji don hoto, ku duba allo da bango kafin ka ɗauka. Sau da yawa akwai sunayen yara da makinsu na jarrabawa a manne, waɗannan ba na yaɗawa ba ne. Abin da malami ya bari a allo kada a goge don a rubuta sunan ango da amarya, wani lokaci darasin da zai ci gaba da shi ne bayan hutu. A nemi gefen da babu rubutu. Tebura masu benci in an jawo su a maida su yadda suke, kuma kada a fid da su waje a zauna, da yawa ƙusa ɗaya ke riƙe da su, kuma yara uku ko huɗu ke zama a kan kowane. Kada a buga ƙusa a itace, kada a ɗaure igiyar rumfa a sandar tuta. Gawayin shayi da na gashi a yi nesa da azuzuwan zana in akwai su. Leda da ƙasusuwa a kwashe a daren.

Shawara ɗaya ta hoto zan bayar, in masu sana'a sun yarda. A ce wa dangi duk mai tsohon hoton aji na wannan lakwal ya zo da shi. Malama tabbas tana da su. Mutum ya riƙe hotonsa na yarinta a gaban barandar da aka ɗauke shi, ka ɗauka.

Sani_Bilbis:

Baba Idi, Yaya Rabi, Mushe, na gode, Allah ya saka da alheri. Takarda ta riga ta isa hannun darakta, kuma ƙanwar ango za ta riƙe waya a ɓangaren mata.

Baba, na je na duba kamar yadda ka ce. Barandar kudu take duba, rana na shiga cikinta har rabin bango. Bayan azuzuwan ne ke da inuwa, amma can babu baranda, bangon dutse ne da tagogi kawai. Mai rumfa kuma ya ce fara ɗaya gare shi, ɗayar shuɗiya ce. Sannan abokai sun ce za su zauna har bayan magariba da fitilu. Yaya zan yi da waɗannan, kuma yaya zan miƙa hotunan?

Baba_Idi_Mai_Hoto (Yamai):

Madalla ɗana, gani ya kori ji. Rabi ta yi gaskiya a kan rumfar mata da hazo, ka bi nata. Shawarar Mushe ta tsofaffin hotuna kuwa ka riƙe ta da hannu biyu, ka sa f/5.6 don hoton da ke hannu da fuskar mai shi su fito tare.

Bangon arewa ya ishe ka, dutse da taga sun fi baranda kyau a bayan mutum. Ka sa a share wurin a yayyafa ruwa da safe, ka tsayar da mutane taku biyu gaban bangon, kada su jingina. Can za ka yi hoton dattawa da na ango da amarya. Barandar kudu ka bar ta ga masu wucewa da yara, in za ka ɗauki wani a ciki ka tabbata layin rana bai yanke shi a ƙirji ba.

Farar rumfa a ba wurin da amarya da iyaye mata za su zauna. Shuɗiyar a kai ta wurin abinci. Maza ai ƙarƙashin bedi za su watsu ko anka kafa musu rumfa. Abin da ka ɗauka ƙarƙashin shuɗiyar in launin ya ƙi gyaruwa, ka maida shi baƙi da fari.

Da an kira magariba ka ajiye kyamara ka yi salla da mutane. Bayan nan kada ka matsa wa kanka, 700D ba ta son duhu, in ka wuce ISO 1600 hoton shina yin tsaki-tsaki. Ka zaunar da abokai kusa da fitila ɗaya, mai 50 a f/2, sauri 1/100 ko 1/50, don wutarmu mai bugu 50 ce, wasu fitilun suna ƙyaftawa, in ka yi sauri fiye da haka haske da launi za su riƙa sauyawa daga hoto zuwa hoto. In za ka sa filasha ka juya kanta ta bugi bango ko rufin farar rumfa ta dawo. Batir biyu za su yi in ka rage kallon bayan kyamara, amma ka tafi da caja ka bar ta wurin mai gadi. Kati ka riƙe biyu ko uku, ka sauya da azahar ko bai cika ba, don in ɗaya ya lalace kada wunin duka ya tafi.

A daren ka zuba su a kwamfuta, ka ƙara zubawa a wani wuri na biyu, kuma kada ka goge katin sai aiki ya isa hannun masu shi. Kada ka ba su duk abin da ka ɗauka, ka zaɓa, ka jera su yadda wunin ya gudana tun daga tukwane har fitilu. In za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin fayil, wato document, in ba haka ba tana matse hoton ya rasa kyansa. Na mata ka miƙa wa amarya ita kaɗai, ita ta san wadda za ta ba. Dattawa kuma takarda sunka sani: ka wanke musu mai santimita 13x18, na taron iyali 20x30, gida biyu kowa da nasa. Wurin wankin ka fara ba da guda biyar, wanda ke da farar shadda da baƙar fuska a ciki, ka duba launin fata a hasken rana. In ya yi ja ko ya yi toka su gyara injin kafin ka ba da sauran.